Wa zai gaji kalangu? Yadda koyon kiɗa ke kuɓuce wa yaran ƙasar Hausa

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da ɗan'adam ya gada. An yi murna, hotunan dawakai da mahaya suka cika shafukan sada zumunta. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san kunne ne ke fara shaida fitowar sarki kafin ido ya gan shi. Kakaki ne ke yin gaba, algaita na biye, ganguna na amsawa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan kayan da ake iya koya a mako guda. Mai busa algaita sai ya iya tara iska a kumatu, yana shaƙar wata ta hanci, sautin bai yanke ba. Mai kakaki sai ya iya riƙe bututun ƙarfe da ya fi shi tsawo, ya sa shi ya faɗi kirarin sarki. Galibin masu wannan aiki tun suna yara suka fara, a gaban iyayensu.

Tambayar da ke gaban masu kishin al'ada ita ce, yara nawa ne ke koyo a yau, kuma a ina? Gidajen gado da suka kasance makarantar kiɗa shekara da shekaru suna raguwa, makarantar boko kuma ba ta karɓi aikin ba. A tsakanin biyun nan yaro Bahaushe na tashi da kiɗa cike da wayarsa, amma da wuya ya taɓa riƙe abin kiɗa da hannunsa.

Makarantar da ba ta da allo

A tsarin Hausawa na da, kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, manoma na da gangar noma, 'yan dambe da 'yan tauri na da nasu. Fada na da kotso da taushi da jauje da tambari, ga kakaki da algaita. Tarihin Kano ya ambaci kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. Ke nan busar da ake ji a Kano ranar Sallah ta haura shekara 500 tana wucewa daga baki zuwa baki.

Gado ne ya riƙe ta. Ɗan makaɗi kan fara bin mahaifinsa tun yana ƙarami, yana ɗaukar kaya, yana kallo. Daga nan a ba shi ƙaramar ganga irin kanzagi, ya riƙa buga sauti ɗaya ba tare da kuskure ba, manya na yin salo a kansa. Daga wannan ƙaramar ganga ce ma aka samo kalmar 'yan kanzagi da ake jifan masu goyon baya ido rufe da ita. Idan hannunsa ya faɗa sai ya shiga sahun 'yan amshi, ya haddace waƙoƙi da taken mutane da sunayen kakanninsu. Sai bayan shekaru ne zai riƙe babbar ganga, wani ma sai mahaifinsa ya tsufa ko ya rasu kafin ya ja ragamar ƙungiya.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ta wannan hanya ya bi. A hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya buɗe ido da kiɗa, ya yi amshi shekaru kafin ya zama jagora, kuma 'ya'yansa suka ci gaba bayansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji Hausawa.

'Yan mata ma suna da tasu makarantar. A dandali ake koyon gaɗa, inda tafi da ƙafa ke zama kayan kiɗa. A cikin gida ake koyon shantu da kiɗan ƙwarya, musamman lokacin biki da suna. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi suna har ta zagaya manyan biranen ƙasar nan.

Sauran yara kuwa, waɗanda ba 'ya'yan makaɗa ba, tashe ne filinsu. Daga goma ga watan azumi sukan haɗa ganga da gwangwani da leda ko fata, su raba matsayi, su yi shiga, su bi gida-gida. A dare ɗaya yaro ya yi kiɗa, ya yi waƙa, ya yi wasan kwaikwayo, ya kuma koyi raba abin da aka samu da abokansa.

Waɗanda suka shigo ta haye

Ba kowane babban makaɗi ba ne ɗan gado. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ta jihar Katsina ya kuma rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba. Duk da haka ya zama mawaƙin da aka fi sani a ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa.

Labarin Ɗanmaraya Jos ya fi kusa da batun yara. An haifi Adamu Wayya a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Abin kiɗan da ya ɗauka shi ne kuntigi, wanda ake haɗawa da gwangwanin kifi da fata da ƙaramin sanda da tsirkiya ɗaya tak. Da wannan ɗan abu ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya fita ƙasashen waje, kafin rasuwarsa a watan Yunin 2015.

Abin lura a nan shi ne, ko wanda bai gada ba a wancan zamani yana da inda zai gani ya kwaikwaya. Makaɗa na kasuwa, suna gona ranar gayya, suna filin dambe, suna ƙofar fada. Yaro mai sha'awa ba ya rasa wanda zai zauna kusa da shi.

Abin da ya tsinka igiyar

Dalilan raguwar suna da yawa, kuma wasunsu tsofaffi ne. Al'ummar Hausawa ta daɗe tana son kiɗa tana raina makaɗi. Ana kiransa maroƙi, ana yi masa kyauta a bainar jama'a, amma gidaje da yawa ba sa ba shi aure. Da ilimin boko ya buɗe wasu ƙofofin, makaɗa da dama sun gwammace 'ya'yansu su zama malamai ko ma'aikata, don kada su sha irin kallon da su suka sha. Babu mai ganin laifinsu.

Sana'o'in da kiɗan ke rakiya su ma sun sauya. Gayya ta ragu a ƙauyuka, dandali ya mutu a garuruwa da yawa. A yankunan Zamfara da Sakkwato da Katsina, inda manyan makaɗan kotso da taushi suka fito, matsalar 'yan bindiga ta tarwatsa ƙauyuka, ta hana taron dare. A birnin Kano kuwa 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba da ke fakewa da shi suna ƙwace.

Sai kuma fiyano. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin finafinan Hausa suka bunƙasa, mutum ɗaya a situdiyo da fiyano samfurin Yamaha ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa. Daga baya kwamfuta ta ƙara sauƙaƙa aikin. A yau ana iya danna maɓalli a ji sautin kalangu ko algaita ba tare da kowa ya taɓa su ba. A wurin biki ma, ɗaukar mai kiɗan na'ura da lasifika ya fi arha a kan ciyar da makaɗa takwas. Idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya: matashin da ke son waƙa yanzu situdiyo yake nufa, ba gidan sarkin makaɗa ba.

Wannan sabon salo ya samar wa dubban matasa abin yi, kuma shi ma fasaha ce. Illarsa ga yara ita ce ya mayar da kiɗa abin saurare kawai. Yaro na iya haddace waƙa hamsin a waya bai san yadda ake ɗaure fatar ganga ba.

A takarda akwai darasin

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya, wadda hukumar NERDC ke tsarawa, ta tanadi darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda malamai ke kira CCA, tun daga firamare har ƙaramar sakandare. Darasin ya haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo da rawa a wuri ɗaya. Hukumomin WAEC da NECO ma suna shirya jarrabawar kiɗa ga masu kammala sakandare.

A aikace kuwa, a makarantun gwamnati da yawa darasin ya tsaya a kan allo. Malami ya rubuta ma'anar kiɗa da rabe-raben kayan kiɗa, yara su kwafa, su haddace, su rubuta a jarrabawa. Malami guda ake sa ran ya iya zane, ya iya kiɗa, ya iya shirya wasa, alhali sau da yawa ba a horar da shi a ko ɗaya ba. A ajin da yara suka yi cunkoso, wasu na zaune a ƙasa, sayen ganga ba ya cikin abin da shugaban makaranta ke tunani.

Cibiyoyin horar da malaman kiɗa ma sun fi yawa a kudu. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960. A Legas akwai ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983, mai makarantar da ke ba da difloma. A Arewa an fi ƙarfi wajen nazarin waƙa a matsayin adabi. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu, kamar yadda David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Wannan aiki ya adana sunaye da baitoci, amma littafi ba ya koya wa hannu matsa tsirkiya.

Shin kiɗa na ƙara wa yaro basira?

Masu tallan makarantun kuɗi kan ce koyon kiɗa na sa yaro ya fi iya lissafi. Maganar na da asali, amma an yi mata ƙari.

A 1993 wasu masu bincike a Jami'ar California da ke Irvine a Amurka suka sa ɗalibai 36 sauraren kiɗan Mozart na minti goma, suka ga sun ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin tunani. Tasirin bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba, kuma ɗaliban jami'a ne, ba jarirai ba. Duk da haka labarin ya bazu, har a 1998 gwamnan jihar Georgia, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 don raba wa kowane jariri faifan kiɗa.

A 2004 wani masanin halayyar ɗan'adam a Kanada, Glenn Schellenberg, ya yi gwajin da ya fi wannan inganci. Ya raba yara 144 'yan shekara shida gida huɗu: masu koyon fiyano, masu koyon rera waƙa, masu koyon wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a koya wa komai ba. Bayan mako 36, masu darasin kiɗa da waƙa sun fi sauran samun ƙari a ma'aunin basira da kusan maki uku. Ƙari ne ɗan kaɗan. Wani abin da gwajin ya nuna wanda ba a cika ambata ba shi ne, yaran wasan kwaikwayo ne suka fi samun ci gaba wajen iya zama da mutane.

A 2020 wasu masana biyu, Giovanni Sala da Fernand Gobet, suka tattara bincike 54 da suka shafi yara kusan 7,000. Sakamakonsu shi ne, idan aka tsaurara ƙa'idar gwaji, tasirin kiɗa a kan lissafi da karatu kusan babu shi. Yaran da ke zuwa darasin kiɗa sau da yawa daga gidajen masu hali suke, shi ya sa ake ganin kamar kiɗan ne ya ɗaga su.

Inda aka ga tasiri a fili shi ne a ɗabi'a. A ƙasar Venezuela akwai shirin El Sistema da José Antonio Abreu ya fara a 1975 da matasa 11 a wani garejin mota a birnin Caracas, wanda ya girma har ya koyar da dubban ɗaruruwan yara kyauta. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya ɗauki nauyin wani gwaji a kan yara 2,914 masu shekara 6 zuwa 14 a cibiyoyi 16 na shirin. Bayan shekara ɗaya an ga yaran da suka shiga sun fi iya kame kai, rigimarsu ta ragu, musamman yara maza da suka taso cikin tashin hankali. Ba a ga sun fi sauran basira ba. Binciken ya kuma gano cewa 'ya'yan talakawa ba su kai yawan da ake zato ba a cikin shirin, wasu masana kuma sun soki tsananin horon da ake yi a cikinsa.

Ga iyaye a Gusau ko Maiduguri, inda yara da yawa suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, wannan sakamako na kame kai ya fi maki uku na basira muhimmanci.

Abin da hannu da kunne ke koya

Ko babu alƙaluman bincike, akwai abubuwan da duk wanda ya ga yaro na koyon kiɗa zai shaida.

Na farko haƙuri ne. Goge ba ya yin daɗi a makon farko, ƙara yake yi kamar ƙofa mai tsatsa. Yaro zai maimaita abu ɗaya sau ɗari kafin ya fito, kuma da kunnensa zai ji ranar da ya fito, ba sai an ba shi maki ba. A zamanin da bidiyon daƙiƙa talatin ke horar da hankalin yara, samun abin da zai zaunar da yaro minti ashirin a kan aiki ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai sauraro. Mai ƙaramar ganga ba ya sauri don ya gaji, ba ya tsayawa don ya yi fushi. Dole ya ji na kusa da shi, ya san lokacin shiga da lokacin yin shiru. Yaro mai kunya kan sami murya a cikin amshi, mai rawar kai kuma ya koyi jiran lokacinsa.

Akwai kuma harshe, wanda ya keɓanta da kayan kiɗa irin namu. Hausa harshe ne mai karin sauti: kalmar kuka ta zubar da hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Kalangu na da tsirkiyoyi da suka haɗa fatun bakinsa biyu. Idan makaɗi ya matse su a hammata sauti ya hau, idan ya sassauta ya sauka. Da haka yake kwaikwayon karin magana har a gane taken wanda ake kira ba tare da an buɗe baki ba. Yaron da ya koyi wannan ya koyi sauraren harshensa ta hanyar da darasin nahawu ba ya bayarwa.

Tarihi ma na cikin ganga. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina cike suke da sunayen sarakuna da garuruwa da yaƙe-yaƙe da tsofaffin kalmomin da suka ɓace daga bakin matasa. Waƙoƙin Ɗan'anace sun adana duniyar dambe, na Haruna Uji da gurminsa sun adana Hausar Haɗeja.

Abin da ya shafi kiɗa ya shafi sauran ayyukan hannu. Hoton matar da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, ta koyi ginin tukwane ne tun tana yarinya a wurin wata gwaggonta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja, daga nan aka baje ayyukanta a Turai da Amurka. Almajirin da ke zayyana allo ranar saukar Alƙur'ani, da yarinyar da ke koyon ɗinkin hula ko zanen lalle, da yaron da ke ƙera mota da kara, duk ido da hannu da natsuwa suke horarwa. Da yawa daga cikinsu da wannan za su ci abinci.

Batun addini

Babu yadda za a yi maganar koya wa yara kiɗa a Arewa a tsallake addini, domin shi ne abin da iyaye da yawa ke fara tambaya.

Malaman Musulunci sun daɗe da saɓani a kan mas'alar. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, suka yi rangwame a kan duffi a lokacin aure da Idi. A Bukhari da Muslim akwai hadisin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, wanda masu sassauci ke kafa hujja da shi. Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan halasci, Imam Gazali kuma ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u Ulumiddin yana bambance saurare mai kyau da marar kyau. A Kano mabiya ɗariƙar Ƙadiriyya na amfani da bandiri a zikiri, wasu malaman kuma na inkarin hakan.

Wannan saɓani ba a aji za a warware shi ba, kuma makarantar da ta tilasta wa yaro abin da iyayensa ke ganin haramun ne ta jawo wa kanta rigima. Amma fagen fasaha na da faɗi. Iyayen da ba su yarda da goge ba na iya yarda da duffi, ko rera ƙasida, ko rubutacciyar waƙa, wadda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi amfani da ita wajen karantar da mata. Akwai zayyana, akwai zane, akwai wasan kwaikwayo. Makarantun Islamiyya da yawa sun riga sun gane haka, shi ya sa bikin sauka ba ya rasa waƙe da ɗan wasan faɗakarwa.

Yawancin abin da iyaye ke tsoro ma ba ita gangar ba ce, yanayin da ke kewaye da ita ne: yawon dare, roƙo, shaye-shaye, barin karatu. Darasi na awa ɗaya da rana, a harabar makaranta, a gaban malami, ya kauce wa duk waɗannan.

Darasi daga Nijar

Maƙwabciyarmu Nijar ta ga yadda abin kiɗa ke kai wa bakin kabari. Biram wani abin kiɗa ne mai tsirkiya biyar, mai siffar kwalekwale, na Buduma masunta na Tafkin Chadi. A farkon shekarun 2000 saura dattijo ɗaya da aka sani ya ƙware a kansa, Boukar Tar.

Malam Maman Barka, malamin makaranta ne da ya yi suna da kiɗan gurmi da waƙoƙin Hausa. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi yankin tafkin ya zauna a gaban dattijon ya koya. Bayan rasuwar malamin nasa shi ya fitar da biram zuwa duniya, ya kuma koyar da matasa a Yamai kafin shi ma ya rasu a 2018.

Abin da ya taimaka shi ne akwai wurin da zai kai abin da ya koyo. Tun 1989 Nijar ta kafa cibiyar horar da makaɗa ta CFPM Taya a Yamai, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya ana kuma koyar da su. Cibiyar ta sha fama da ƙarancin kuɗi, amma ta nuna cewa ana iya ɗauko ilimin da ke gidan gado a ajiye shi inda ɗan kowa zai iya zuwa ya koya.

Abin da ba ya buƙatar kasafin biliyoyi

Kayan kiɗan Hausa na da wata fa'ida da fiyano da gita ba su da ita: a gida ake yin su. Ƙwarya da shantu daga gona suke. Sarewa kara ce. Kuntigi gwangwani ne. Masassaƙa da majema da ke haɗa ganga suna nan a kasuwanni. Ajin firamare na iya haɗa kayan kiɗansa a darasin aikin hannu, ya buga su a darasin CCA.

Malamai ma suna nan. Kusan kowace masarauta na da sarkin makaɗa ko sarkin busa, kowace jiha na da hukumar raya al'adu mai ƙungiyar makaɗa da ke jiran ranar taro. Idan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta haɗa kai da masarauta, dattijo ɗaya na iya zagaya makarantu uku ko huɗu a mako, a biya shi alawus, a kira shi malam. Wannan suna kaɗai na iya rage rainin da ya kori 'ya'yan makaɗa daga sana'ar iyayensu. Kwalejojin ilimi na Arewa kuma na iya sanya koyon abin kiɗa guda ɗaya na gargajiya cikin horon malaman firamare.

A gida ma akwai abin yi. Masu koyar da kiɗa sun yi ittifaƙi cewa minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku a rana ɗaya, kuma yaron da aka bari ya zaɓi abin da yake so ya fi daɗewa a kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawar da ta yi tsanani karya shi take yi. Uwar da ta ga ɗanta na buga bokiti da cokali, ko 'yarta na zane a bango da gawayi, tana iya ba su wuri da lokaci maimakon tsawa. Wayar da ke ɗauke hankalin yara ita ma na iya aiki: matashi na iya zama da dattijon unguwarsu ya ɗauki bidiyon yadda yake ɗaure ganga da yadda yake buga kowane take, da sunan mai taken.

Lokaci ne abin da babu. Yawancin waɗanda suka yi amshi a bayan Shata da Ɗanƙwairo sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Masu busa kakaki da algaita da za su raka sarakunan Kano da Katsina da Zazzau hawan Sallah nan da shekara 30, a yanzu suna firamare, idan har akwai su.